Humra a Kwalbar Malama

Autanmu ya dawo Garwa a tsakiyar bazara, lokacin da ko akuya ba ta yarda ta taka kwalta da rana. Ya daɗe a Faransa har ƙananan 'ya'yana ba su san shi ba sai a fuskar waya. Ni ce babbar yayarsa, ni na goya shi, ni na yi fama da majinarsa, don haka takardar daktan da ya ɗauko ba ta ɗaɗa ni da ƙasa ba. Da na gan shi a ƙofar gidanmu na Rumde Ajiya, abin da ya fara fita bakina shi ne, “Kai! Haka suka mayar da kai? Babu tuwo ne a ƙasar?” Ya ce, “Adda, ko ruwa ba ki ba ni ba kin fara.” Inna kuwa sai ta kama hannunsa da nata biyun tana ta shafawa, ta ƙi saki har shayin da aka kawo masa ya huce.

Da magana ɗaya ya zo, kuma a ranar ya faɗe ta a tsakar gida. Wata makaranta a nan garin ta ba shi aron ɗaki, malamarsa ta can kuma ta ba shi aron kayan aiki. In ya haɗa kayan suka yi aiki a zafin Garwa, malamar za ta zo, wasu manya kuma su taso daga Yawunde su gani da idonsu, su amince a buɗe masa wurin bincike a nan. Ya zauna gida ke nan. In kuwa abin bai yiwu ba, sai ya koma inda ya fito, don aikin da ya karanta ba a yin sa da alli da allo kawai. Inna ta tsufa, ga hawan jini, ga gwiwa. Tun rasuwar Baba addu'arta ba ta wuce Allah ya dawo mata da autanta kusa ba, ya zama yana cikin masu ɗaukarta in ranar ta zo. A gabansa take faɗa, ba ta ɓoyewa.

Mu mutanen kasuwa ne. Kakanmu daga Kano ya biyo fatauci ya yada zango a bakin Binuwai. Baba dillalin shanu ne, Inna kuma humra da turaren wuta take haɗawa, har daga Marwa ana aiko mata na amare. A hannunta na koya, yanzu ni ke zaman shagon. Kuma duk unguwar nan an san Inna da abu ɗaya: ba a mayar da mazubi wayam daga gidanta. Maƙwabciya ta aiko da kunu, to kwanon ba zai koma ba sai da ɗan dabino ko gyaɗa a ciki. Aron turmi aka yi, sai an zuba 'yar tsaba. Ina yarinya na taɓa wanke langar wata Bafulatana na kai mata haka nan, Inna ta sa na koma cikin rana tsaka na karɓo langar, ta saka sabulu da ashana, na sake kaiwa. A wurinta mayar da kwano babu komai zagi ne, ka nuna wa mutum alherinsa bai kai ko'ina ba. Ni ma da nake wannan surutun, har gobe ba na iya mayar da kwano haka.

Makon farko mun sha fama da mutane. An ji dakta ya dawo, sai ga masu ciwon baya da masu basir a zaure, ina korarsu ina cewa wannan daktan ko ƙurji bai iya matsewa ba. Shi kuwa kullum da sassafe yake hawa moto, wato babur, ya tafi, da ɗan baƙin akwati rungume a ƙirji, sai la'asar ya dawo da shi. Ba ya barin akwatin a can, saboda in an ɗauke wuta ɗakin yakan koma tanda, ga ƙofar ba ta da wani makullin kirki. Wata rana ya dawo a jiƙe da gumi yana cewa zafi ya rikita masa fitilu, wata rana ya dawo yana fito, mun san an dace. Bai taɓa zagin garin ba, bai taɓa cewa “da a can ne” ba. Na gaji da tambayarsa yana ce min sai kin gani, ran nan na rufe shago na ce yau kam sai na ga abin da ya tsotse min ƙane.

Ɗakin a saman bene yake, an liƙe tagoginsa da baƙar leda. Ga wani faffaɗan teburin ƙarfe an kakkafa masa ƙananan madubai, wayoyi ko ta ina. Ya ba ni tabarau mai duhu ya ce in sa kada haske ya ji min a ido. Sannan ya buɗe akwatin. Wallahi na zaci zan ga wani abin al'ajabi. 'Yar kwalba ce a kwance cikin soso, ba ta fi babban yatsana ba, garau, ba baki ba murfi, sai ɗan siririn wuya a gefe da aka liƙe da wuta.

Na ce, “Wannan? Shekara da shekaru kana shan sanyi a kan kwalbar da babu komai a ciki?”

“Adda, dubi wuyan da kyau.”

Na duba. Can a ƙarshen wuyan akwai wani ɗigo mai ruwan zinariya, sai ka ƙura ido sosai za ka gan shi. Ya ce wani ƙarfe ne, sunansa sesiyom. A sanyin Faransa daskararre yake, nan kuwa zafinmu ya narkar da shi. Yana fitar da tururi wanda ido ba ya gani, tururin ne ya cika kwalbar. Kafin a liƙe ta sai da aka zuƙe iskar ciki kaf, saboda iska ce ajalinsa, da ta shiga shi ke nan ya mutu.

Ya ɗora kwalbar a kan wani ɗan dandamalin soso, nesa kaɗan da ƙarafan, ya kunna fitilu biyu da yake kira leza. Ɗaya kore shar, siriri kamar zare. Ɗayan ya ce yana nan amma ido ba ya ganinsa, na ce to, yau dai ranar abubuwan da ba a gani ce. Hasken biyu suna shiga kwalbar, ɗaya ta kai ɗaya ta gindi, su haɗu a ciki. Ya ajiye Faransancinsa ya yi min bayani da Hausar da zan gane. Tururin nan ƙwayoyin zarra ne, wato mafi ƙanƙantar abin da ƙarfen ya ƙunsa, kowace tana da 'ya'ya masu kewaya ta. Aikin hasken shi ne ya tura ɗan da ke can gefe ya yi nisa da uwar, nisa sosai, amma bai rabu da ita ba. Wanda ya yi irin wannan nisa kuwa abu kaɗan ke taɓa shi. Ƙarfin lantarkin da ke tafe cikin igiyar rediyo, ko da mai rauni ne ƙwarai, in ya gifta sai ya ji shi a jikinsa. Da ya ji, hasken da ke fita ta ɗaya gefen sai ya canza, canjin nan kuma shi ake karantawa.

A fuskar kwamfuta akwai wani zane kamar tudu mai kai ɗaya. Ya je can ƙarshen ɗaki ya kunna wata 'yar na'ura mai watsa igiyar rediyo, sai tudun nan ya tsage gida biyu a kan idona. Ya rage ƙarfi, kawunan biyu suka matso juna. Ya ƙara, suka buɗe. Ya ce tazarar da ke tsakaninsu ita ce awon ƙarfin igiyar, kuma awo ne da ba ya bukatar a kai shi wani wuri a daidaita, domin ƙwayar sesiyom ta Garwa da ta Faransa da ta ko'ina iri ɗaya Allah ya yi su. Ni da na san irin rigimar da ake yi a kan mudu a kasuwa, wannan ta shige ni. Na ce, “Wato mudun da ba mai iya bubbuge masa gindi.” Ya ce, “Shi ne, Adda.”

Sai ya yi min wadda ta gama da ni. Ya ɗauki 'yar na'urar ya fita da ita baranda, ya jona mata wayarsa, ya rage ƙarfin har ƙasa, ya dawo ya rufe ƙofa. Daga wata ƙaramar sifika da ke haɗe da abin da ke karɓar hasken, sai ga muryar Inna, da ɗan shuuu a bayanta. Wani tsohon saƙo ne da ta aika masa yana can: “Ka dinga cin abu mai zafi, ka ji ko, ban da burodin nan nasu.” Babu eriya, babu wayar da ta taɓa kwalbar, haske ne kawai ya ratsa tururi ya ɗauko muryar uwata. Na zauna a kujera ina ta subhanallahi. Yaron da na sani yana birgima in an hana shi ƙanzo! Ban taɓa jin girman wani ɗan Adam a raina kamar yadda na ji nasa a ranar ba, kuma na faɗa masa, ko da yake na haɗa da cewa ɗakin yana warin safa.

Na tambaye shi ko wannan zai sa waya ta kama a dajin Tuboro. Ya san dalilin tambayar. A can ciwo ya kama Baba, a wata ruga nesa da gari, makiyayin da ke tare da shi ya hau bishiya da waya yana neman rezo, wato sabis, bai samu ba, kafin labari ya iso mana an riga an yi masa sutura. Auta ya ce, “Ba zan yi miki ƙarya ba. Yau ba zai iya ba, eriya mai kyau ma ta fi shi ji a wurare da yawa. Amma kwalba ɗaya tana iya sauraron zangon rediyo iri-iri, wanda sai an tara eriya da dama, kuma kullum ana ƙara mata kunne. Ina so in ana wannan aikin a yi shi da mu, a nan.” Da wani ne da ya cika ni da burga ya ce gobe-gobe. Wannan gaskiyar tasa ta ƙara masa daraja a idona.

Da lokacin zuwan malamar ya yi, sai ya zama ta jirgin ƙasa za ta iso Ngawundare, shi zai je ya taho da ita a mota. Bai so kwalbar ta sha jijjiga a hanya, 'ya'yana kuma ba abin da ke tsira a hannunsu, sai ya kai akwatin ɗakin Inna, inda ko kaza ba ta shiga sai da izini. Ina tsaye ya buɗe ya nuna mata, ya ce, “Inna, ki ajiye min wannan. Ta malamata ce, aro ta ba ni, in an gama zan mayar mata.” Ta ce Allah ya tsare hanya. Daga ni har shi babu wanda ya kawo komai a ransa.

Washegari na dawo daga shago da azahar, tun daga zaure ƙamshi ya tare ni. Na san ƙamshin nan. Tsohuwar humrar Inna ce, wadda ta yi shekaru tana tsumuwa a ƙarƙashin gado, wadda matar wani attajiri ta yi ta naci a sayar mata Inna ta ce ba ta sayarwa ba ce. Na same ta zaune a tabarma, fuskarta fal fara'a. Ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

“Ke, zo ki ga rashin hankalin ƙanenki. Ya cinye wa baiwar Allah abin da ke cikin kwalbarta tas, kuma haka zai miƙa mata ita wayam! Matar da ta koyar da shi, ta ba shi amana. A ce daga gidana?”

Ta warware hankici. Kwalbar ce, ta koma ruwan ƙasa, cike da humra har wuya, an toshe bakin da kakin zuma an ɗaure da jan zare. Aiki mai kyau, wallahi, ko ni ba zan yi kamarsa ba. Ta ce ta ɗaga ta a rana ta girgiza ta ga babu komai, ta nemi murfi ta rasa, sai ta tuna yadda ake ɓalle kan kwalbar allura. Ta karta wuyan da wuƙa, ta naɗe da bakin zane, ta ɓalle. “Har wani ɗan tartsatsi ya yi, ragowar maganin, kin ga ya huda min zane.” Ta ɗauraye, ta shanya, ta ɗura da sirinji.

Ni da ba a gama faɗa min magana nake mayar da amsa, sai na shige madafa na toshe bakina da gyale na yi ihu a ciki. Raina ya ɓaci da ita, ya ɓaci da shi da ya yi mata rabin bayani, ya ɓaci da kwano da langa da duk wanda ya fara wannan al'ada.

Bayan la'asar Auta ya iso, ya sauke malamar a masauki ya zo gida. A zaure na tare shi na faɗa masa. Ya zauna a kan bencin Baba ya dafe kai. Na ce ko za a samu wata. Ya ce ba ya jin akwai irinta a kusa, masu hura gilashi na musamman ne ke yin ta, sai an nema an jira watanni, manyan kuma gobe za su sauka, sau ɗaya suke zama a shekara. Na ce bari in shiga in gaya mata ta san abin da ta yi. Ya riƙe min gyale.

“Adda, in kin gaya mata ban yafe ba. Jininta zai hau. Kuma me ta yi? Abin da ya fi komai daraja a ɗakinta ta ba malamata.”

Ya wanke fuska da ruwan buta, ya shiga da sallama. Ina jin Inna tana yi masa faɗan rashin ta-ido, shi kuma yana cewa, “Na yi kuskure, Inna. Allah ya saka da alheri, za ta ji daɗi.” Muryarsa ko rawa ba ta yi ba. Ni ce na kasa shiga.

Da safe malamar ta zo gaishe da Inna, doguwar tsohuwa mai farin gashi, zafi ya mayar da fuskarta jajur. Ya riga ya gaya mata komai. Inna ta miƙa mata hankicin da hannu biyu. Matar ta warware, ta daɗe tana kallon kwalbarta. Sannan ta kai ta hanci, ta lumshe ido, ta ce “useko,” godiyar Fulatanci da ta tsinta a hanya, ta ƙara da Faransanci cewa ba a taɓa mayar mata da kayan aro da irin wannan karamci ba. Na fassara. Inna ta dube ni ta ce, “Kin ji ko? Mutum ko Bature ne ya san mutunci.” Tun daga ranar nake ganin girman matar nan.

Manyan sun zo, sun hau benen, ya nuna musu hotunan tudun da ya tsage da duk abin da ya auna. Sun yaba, sun ce aiki ya yi kyau, amma ƙa'idarsu sai sun ga abu yana aiki a gabansu, a sake neman su baɗi. Malamar ta ce kujerarsa tana nan a can in zai bi ta yanzu, su sa a hura wata kwalbar, su ƙara gyara aikin, ya dawo da ƙarfinsa. Amma in ya zauna ba za ta iya riƙe masa kujerar ba, kayan ma dole su koma tare da ita. Auta ya ce ya gode, ba zai koma ba. Zai nemi koyarwa a makarantar sakandare ya zauna kusa da Inna. Da ya faɗa min na ce, “Ka haukace? Bayan abin da na gani da idona?” Ya ce, “Adda, kin ga yadda take tashi da ƙyar. Shekara guda ba wasa ba ce.” Ya shiga ya ce wa Inna ya zauna gida. Tsohuwar da likita ya hana ko magana mai ƙarfi ta rangaɗa guɗa, ta sa aka dafa shinkafa aka rarraba wa maƙwabta.

Amma wa zai ɓoye wa Inna abu a gidanta? Malamar ta tafi ganin namun daji na 'yan kwanaki kafin ranar jirginta. A kwanakin Auta ya daina fita da sassafe. Yana zaune a zaure, yana dariya in an yi abin dariya, yana taɓa tuwo ya ce ya ƙoshi. Wata safiya muna haɗa turare ni da Inna, ina juya kasko, sai ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Ke. Wanda aka ba wurin aiki ba ya wuni a zaure. Ina baƙin akwatin da yake runguma?” Na ce yana nan. Ta ce, “Ki dubi girman Allah ki gaya min. Kwalbar nan ce?”

Na ce ita ce. An haɗa ni da Allah, kuma uwata ba yarinya ba ce da za a yi ta lallaɓawa. Na gaya mata ba wayam take ba, na gaya mata tururin, da hasken, da yadda na ji muryarta ta fito ta ciki, da kujerar da ya ƙi. Na zaci za ta yi kuka ko ta faɗi. Turaren ya fara kamawa a kasko, ita ce ma ta ce in sauke. Sannan ta ce, “Muryata? A cikin 'yar abar nan?” Na ce wallahi. Ta ce, “Ashe yaron nan ya kai haka.” Ta ce in ɗauko mata mayafinta na fita unguwa, in kira mota.

Malamar ta dawo masauki tana haɗa kaya. Inna da ba ta hawa ko dakali sai an riƙe ta, ta hau matakalar nan tana nishi, ta ƙi a kira matar ƙasa, wai ita ce mai laifi, ita za ta je. Auta ya biyo mu a moto hankali tashe. Ta zauna, ta huta, ta ce in fassara, kada in rage kada in ƙara.

“Ki ce mata hannuna ne ya fasa, ba nasa ba. Yaron bai ci amana ba. Ki ce mata na ga kwalba babu komai, ashe sanina ne bai kai ba. Ta yafe min.”

Malamar ta durƙusa a gabanta ta kama hannunta ta ce babu abin yafewa. Inna ta ce, “Akwai. Ki ce mata kuma na ba ta shi. Ta tafi da shi su yi wata kwalbar, ya gama abin da ya fara.”

Auta ya ce, “Inna, ai na riga na yanke shawara.”

“Da izinin wa? Ni na ɓata, kai za ka biya? In zauna ina kallonka a zaure kana mutuwa a tsaye, a ce don ni? Ban haife ka don gadin tsohuwa ba. In kuma ɗaukar gawa ce, Rumde Ajiya ba ta rasa maza ba.”

Na kasa fassara wannan ta ƙarshen, kuka ya ci ƙarfina. Malamar ba ta nemi a fassara ba. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, “To, Inna.”

Yana can yanzu da nake wannan rubutu. An hura sabuwar kwalba, ya ce ta fi ta farko ji, manyan kuma za su sake zama in bazara ta zagayo. Inna tana nan, wata rana da sauƙi wata rana babu. Duk Juma'a yana kira, tana tambayarsa aiki da lafiyar malamarsa, ba ta taɓa ce masa yaushe zai dawo ba.

Ranar da zai tafi ta raka shi har ƙofar zaure da sandarta. Ta yi masa addu'a, ta yi masa faɗan bai goge takalmi ba, idonta a bushe ƙamas. Ya shiga mota. Tana tsaye ƙyam tana ɗaga hannu har ƙarar ta ɓace, sai na ji nauyinta gaba ɗaya ya dawo kafaɗata. Idonta ba ya kai nesa yanzu. Ta ce a hankali, “Ke, ya waiwayo?”

Na ce, “Ya waiwayo, Inna. Bai daina ba har suka sha kwana.”

Ta ce, “To, mu shiga. Rana ta yi zafi.”